Katunan besbol da marigayi ya bari: a sayar a dunƙule, ko a kai intanet?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Bronx a birnin New York. Mijina baƙar fatar Amurka ne da ya musulunta tun kafin mu haɗu. Allah ya yi masa rasuwa wata bakwai da suka wuce, ya bar ni da yara biyu, namiji ɗan shekara 13 da mace 'yar shekara 9. Bai rubuta wasiyya ba, bai kuma bar wata dukiya ta a zo a gani ba, sai tsohuwar mota da kwalaye goma sha huɗu maƙare da katunan 'yan wasan besbol da yake tarawa tun yana yaro. A jikin kwalayen ya rubuta shekaru, yawanci 1987 zuwa 1992. Akwai kuma wani gwangwanin biskit mai katuna kamar sittin, ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Waɗannan sun tsufa sosai, sun kuma ɗan fi sauran girma. Ya taɓa gaya min na babansa ne.

Wani abokin aikinsa ya zo gaisuwa, ya buɗe kwalayen ya dudduba, ya ce zai ba ni dala 1,500 hannu da hannu ya kwashe duka, wai don ya rage min wahala. Sau uku yana kira a makon nan. Ni kuwa kuɗin haya na bina. Yayana da ke gida ya ce ya ga an sayar da kati ɗaya kan dala miliyan 12, kada in yarda, in saka su a intanet. Surukata, wadda Kirista ce, ta taɓa tambayata ta waya ko katunan mijinta na nan. Ban san komai a kan wasan nan ba, ban kuma taɓa sayar da ko allura a intanet ba. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙansa ya kyautata makwancinsa, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ƙara miki haƙuri.

Kada ki karɓi kuɗin nan a yanzu. Ban ce mutumin macuci ba ne, mai yiwuwa har zuciyarsa taimako yake nufi. Amma shi ya buɗe ya gani, ya san abin da zai saya, ke kuwa ba ki san abin da za ki sayar ba. Kuma kwalayen 1987 zuwa 1992 ba kaya ba ne da za su sa mutum ya kira waya sau uku a mako guda. In akwai abin da ya hana shi sukuni, yana cikin gwangwanin biskit ɗin nan.

Kafin maganar ciniki, ki san cewa kayan ba naki ba ne ke kaɗai. Gado ne. A dokar jihar New York, wanda ya rasu ba wasiyya ya bar mata da 'ya'ya, matar ce ke ɗaukar dala 50,000 na farko, abin da ya ragu a raba biyu tsakaninta da 'ya'yan. Wato in duk abin da ya bari bai kai haka ba, hukuma za ta ce naki ne, babu mai tuhumarki. Shari'a kuwa tumuni ta ba ki. Bayan an biya bashin da ake binsa, in aka kasa abin kashi 24, naki 3, na yaron 14, na yarinyar 7. Kashi 21 ɗin nan cikin 24 dukiyar marayu ce a hannunki, kin kuwa san Alƙur'ani ya ce kada a kusance ta sai ta hanyar da ta fi kyau. Kina iya ciyar da su daga ciki, ki biya hayar ɗakin da suke kwana, wannan ba laifi. Abin da ba ki da hurumi a kai shi ne ki karyar da ita don kunyar abokin babansu. Ki samu limamin masallacinku ya zauna da ke a rubuta rabon. In zuciyarki na ɗar-ɗar da cinikin abu mai hoto, ki yi masa tambayar a wannan zaman. Malamai sun yi saɓani, da yawa daga cikin na wannan zamani ba sa haɗa hoton takarda da mutum-mutumi a hukunci ɗaya. Sannan kotun gado ta Bronx tana da hanya mai sauƙi ga wanda abin da ya bari bai wuce dala 50,000 ba, kuɗin shigar da takarda dala ɗaya tak. Takardar da za su ba ki ita za ki nuna wa duk mai gwanjon da ya tambayi izininki na sayarwa.

Yanzu kwalayen. Ki ɗaure zuciyarki, domin abin da zan faɗa ba daɗi: yawancinsu ba su da wata daraja. Mijinki ya taso ne daidai lokacin da Amurkawa suka farga cewa tsofaffin katuna na kuɗi. Kowa ya shiga saye yana adanawa, yara da iyayensu, kamfanoni kuma suka saki injin buga kati ba dare ba rana. A da, kamfanin Topps ne kusan shi kaɗai a kasuwa. A 1981 Fleer da Donruss suka shigo, Score ya biyo a 1988, Upper Deck a 1989. Aka buga har aka wuce misali, kuma tunda kowa ajiya yake yi, babu abin da ya ɓace, babu abin da ya lalace. Da 'yan wasa suka tafi yajin aiki a 1994, har aka fasa gasar ƙarshen kaka ta shekarar, kasuwar ta rushe. Yau ɗakunan ajiya a Amurka cike suke da irin kwalayen nan. Kwali mai katin Donruss na 1988 guda dubu biyar, sau da yawa kuɗin aika shi ta gidan waya ya fi kuɗin da za a saye shi.

Ba a rasa na tsinta a ciki. Ki nemi katin Ken Griffey Jr. na Upper Deck 1989, lamba 1. Haka nan tsurarsa 'yan gomomin daloli ne, wanda kamfanonin tantance lafiyar kati suka ba maki goma cif cikin goma kuwa ya haura dala dubu. Akwai katin Frank Thomas na Topps 1990 da aka yi kuskure aka buga ba suna a gaba, shi kuɗi ne sosai, amma ba kasafai ake samunsa ba. Akwai na Topps 1991 masu tambarin zinariya na Desert Shield, da aka buga don sojojin Amurka a yaƙin Tekun Fasha. Akwai waɗanda ake kira Tiffany, masu sheƙi a gaba da farin baya, da Topps ya riƙa bugawa kaɗan-kaɗan daga 1984 zuwa 1991. In tarinsa ya taɓo 1993, ki duba Derek Jeter na SP, wani rukunin katunan Upper Deck. In ya koma baya zuwa 1980, Rickey Henderson na Topps. Mai tara kati yakan ware na kirki ya saka su a gidan roba mai tauri ko a kundi mai aljihuna, don haka duk inda kika ga marigayi ya yi wa kati gata, fara daga nan. Ɗanki ya isa ya taya ki, mai yiwuwa ma ya fi ki sanin sunayen.

Kati mai dala miliyan 12 da yayanki ya gani gaskiya ne. Na Mickey Mantle ne, Topps 1952, lamba 311, kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da shi dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022. Sai dai ya kai haka ne don ya shekara saba'in tamkar yau aka ciro shi daga takarda, aka ba shi maki 9.5 cikin 10. Yaran 1952 ba ajiya suke yi ba. Cingam suke saye, katin gyara ne. Su yi wasa da shi a ƙasa, su maƙala shi a wilin keke don ya yi ƙara, in sun girma uwa ta share ɗaki ta zubar. Ana ma ba da labarin cewa ragowar rukunin ƙarshe na shekarar, wanda Mantle ke ciki, da ya ƙi sayuwa sai kamfanin ya loda shi a jirgin ruwa aka juye a teku. Ƙarancin da ya tsira shi ne kuɗin. Ki gaya wa yaya ya sassauta lissafi, kada 'yan gida su fara rabon miliyoyin da ba su zo ba.

Amma kin faɗi wata magana da ta sa na gyara zama: na gwangwanin sun fi sauran girma. Tun 1957 girman kati ya tsaya a inci 2 da rabi a faɗi, 3 da rabi a tsawo. Daga 1952 zuwa 1956 Topps ya fi haka, wajen inci 2 da biyar bisa takwas da 3 da uku bisa huɗu, Bowman ma ya yi manya daga 1953 zuwa 1955. In surukinki yana yaro a waɗannan shekaru, to lissafi ya hau. Kada dai ki yi guɗa tukuna, don Bowman ya sake buga masu tsawo a 1989, su kuwa sahun kwalayen nan suke, kuma an sha sake buga tsofaffin katuna don masu marmari. Na sake-bugu na halal yakan faɗi haka da ƙananan haruffa a baya, tare da shekarar da aka sake shi.

Ga yadda za ki gane shekara ba sai kin san wasan ba. Juya bayan katin, za ki ga jadawalin abin da ɗan wasan ya yi. In an jera shekaru, ƙara ɗaya a kan ta ƙarshe, ita ce shekarar katin. Akwai kuma lamba a wani lungu na bayan, da sunan kamfani. Fasali ma na nunawa. Topps 1953 zanen fenti ne, ba hoton kyamara ba. Na 1954 a tsaye yake, da babbar fuska da ƙaramin hoto a kan launi mai haske. Na 1955 da 1956 a kwance suke. Bowman 1955 an zana shi kamar akwatin talabijin na katako. Sunayen da za ki sa wa ido: Jackie Robinson, wanda ya karya shingen wariyar launin fata a babbar gasa a 1947 tare da Brooklyn Dodgers, da Willie Mays, da Hank Aaron, da Ernie Banks, da Roberto Clemente, da Sandy Koufax, da Ted Williams, da shi Mantle. Yaro baƙar fata a wancan zamani, da wuya a ce bai riƙe Robinson ko Mays ba. Katin shekarar farko ta ɗan wasa shi ya fi tsada: Aaron a Topps 1954 lamba 128, Banks a shekarar lamba 94, Clemente a 1955 lamba 164, Koufax lamba 123. Katin Aaron ɗin nan, ko ya sha jiki ya lanƙwashe, in na gaske ne yana iya haura dala dubu shi kaɗai. Kin ga inda dala 1,500 ta tsaya ke nan. In kuma kika ga Mantle na Topps da aka ce na 1954 ko 1955 ne, ba na lokacin ba ne, don a shekarun nan biyu yarjejeniyarsa da Bowman take. Yana iya yiwuwa kuma sittin ɗin duk 'yan wasa ne da ba a san su ba. Ko haka ne, kowane ɗaya na da 'yan daloli, wani goma wani ashirin, ba kayan zubarwa ba ne.

Yau ɗin nan, ki wanke hannu ki busar, ki sa almakashi ki datse robar, kada ki ja ta ta gefe. Ki sayo ledojin kati masu laushi da gidajen roba masu tauri, ki ce na tsofaffin katuna manya kike so, don na yau da kullum za su matse su. Kada ki goge datti, kada ki sa dutsen guga, kada ki daidaita gefe da reza, kada ki cike launin da ya koɗe da biro. Masu tantancewa na ganewa, kuma katin da aka taɓa ya fi mai tabo faɗuwa. Ki ɗauki hoton kowanne gaba da baya a kan baƙin ƙyalle, kusa da taga. Sannan ki ɗauke gwangwanin daga kusa da bututun ɗumama ɗaki da duk inda ke da danshi, ki kulle shi. Daga yau ba mai fita da shi da sunan zai je ya nuna wa wani.

Farashi kuma, nan ne sababbi ke ruɗewa. Za ki shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ki ga wani ya saka katin 1988 yana neman dala dubu goma. Neman banza yake yi, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Abin dubawa shi ne nawa aka biya. Rubuta shekara, kamfani, sunan ɗan wasa da lamba, sannan ki danna zaɓin da ke nuna kayan da aka riga aka sayar. Shafin 130point ma na nuna ainihin kuɗin da aka sallama bayan tayi. Ki kwatanta da wanda ya yi kama da naki a lafiyar jiki, ba da wanda ke cikin akwatin roba da maki 9 ba. Ki samu littafi ki rubuta kowane kati da abin da kika gani. Littafin nan zai yi miki amfani wajen rabo, zai kuma yi miki wajen haraji, domin a dokar Amurka kayan gado ana lissafa ribarsu ne daga darajarsu ranar rasuwa, ba daga abin da marigayi ya saye su ba.

Makin da nake ta ambata, kamfanoni ne ke bayarwa. PSA ya fi kowa kasuwa, SGC ya yi suna a tsofaffin katuna, akwai kuma Beckett da CGC. Suna tabbatar da cewa katin na gaske ne, su duba kusurwoyi huɗu, da gefe, da fuska, da ko hoton ya zauna a tsakiya, su ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a akwatin roba. Kowane kati kuɗi ne, gomomin daloli, yana ƙaruwa da darajar katin, ga jiran makonni ko watanni. Don haka kada wani ya zuga ki ki aika ɗari. Katin 1989 ba ya mayar da kuɗin tantancewa sai ya ci goma, goma kuwa ba a samunta da ganin ido. Babban suna na shekarun 1950 dabam ne. Ko maki 2 ya samu ya biya, don mai saye ba zai zuba dala dubu a kan katin da ba wanda ya shaida ba, musamman daga hannun wadda ba ta da tarihin ciniki.

In gwangwanin ya fito da manyan sunaye, shawarata kada ki kai su eBay da kanki. Ki aika hotuna wa masu gwanjo biyu ko uku. Heritage na Dallas yana da ofis a Manhattan, Goldin da Robert Edward Auctions duka suna New Jersey, tsallaken kogi. Duba hoto su faɗi ƙiyasi kyauta ne. Su za su kai tantancewa, su tallata, su karɓi kuɗi. Suna ɗora wa mai saye wajen kashi 20 cikin ɗari a kan farashin da aka buga, kason da suke cira daga mai kaya kuwa ana cinikinsa, kaya in sun yi kyau har sifili yana saukowa. Wasu na ba da wani abu a gaba kafin ranar gwanjo, ki tambaya. Ki karanta yarjejeniya kafin ki sa hannu, ki tabbata an jera kowane kati da sunansa, an kuma ce suna da inshora tun daga ranar da suka karɓa. In kina son jin bakin dillalai, ana cin kasuwar kati lokaci-lokaci a White Plains, jirgin ƙasa kaɗan daga Bronx. Ki je da hotuna da wani namiji na amana, ki ji tayin mutum uku, ki dawo gida ba ki sayar ba. Dillali ba ya biyan cikakken farashi, shi ma riba yake nema, wannan ba zalunci ba ne muddin kin san cikakken.

Masu matsakaicin kuɗi, daga dala goma zuwa ɗari biyu ko uku, su ne na eBay. Ki buɗe asusu da sunanki na gaskiya da asusun bankinki. Za su riƙe kuɗin cinikin farko na 'yan kwanaki, su kuma taƙaita yawan abin da za ki saka, haka suke yi wa kowane sabo. Suna cirar wajen kashi 13 cikin ɗari, kuma daga jimillar abin da mai saye ya biya ne, har da kuɗin aikawa da harajin saye, ga 'yan sulalla a kan kowane ciniki. Ki fara da masu araha har ki tara shaidar mutane. Kada ki buɗe gwanjo daga ƙasa da dala ɗaya kina fatan a yi rububi. Sabon asusu ba ya jan jama'a, ana iya wayar gari mutum ɗaya ya ɗauke da kuɗin shayi. Ki sa farashi tsayayye ki bar ƙofar tayi a buɗe. Katin da bai wuce dala 20 ba, eBay na da ambulan mai araha da lambar bibiya. Wanda ya fi haka, leda, gidan roba, kwali biyu a sama da ƙasa, ambulan mai kumfa, lambar bibiya. Daga dala 750 sai da sa hannun mai karɓa, in ba haka ba ba za su tsaya miki ba ranar rigima. Masu tsada kuma suna bi ta hannun mai tantancewar eBay kafin su isa ga mai saye, wannan na kare ki daga masu karɓar na gaske su dawo da jabu. In kin ga aikin ya fi ƙarfinki, da aiki da yara, akwai irin su COMC da za ki aika musu kayan su ɗauki hoto, su ajiye, su aika wa masu saye, su cire ladansu.

'Yan damfara na shinshinar sabon asusu. Duk wanda ya ce ku koma waya ku gama, ya biya ta manhajojin tura kuɗi irin su Zelle ko Cash App don ku tsere wa kason eBay, ki share shi. Duk saƙon imel da ya ce an biya, ki shiga asusunki da kanki ki gani kafin ki rufe ambulan. Wanda ya aiko cek da ya wuce kuɗin kaya ya ce ki mayar masa da canji, cek ɗin na bogi ne, banki zai gano bayan kin tura naki na gaske. A Facebook kuwa kada ki ba kowa adireshin gida, mace da yara biyu. In za a haɗu, a haɗu da rana a harabar ofishin 'yan sanda ko cikin banki.

Ke ma akwai naki haƙƙin. Ki faɗi aibin kaya. In akwai lanƙwasa ki ɗauke ta a hoto ki rubuta, in akwai tabon cingam a baya ki nuna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, ita ma eBay tana ba mai saye kwana 30 ya dawo da abin da bai dace da bayaninsa ba, kuɗin dawowar a kanki. Za ki kuma ga masu ƙulle katuna a ambulan suna sayarwa ba a san abin da ke ciki ba, ko masu sayar da kuri'a a kan kati ɗaya. Wani zai ce miki hanya ce ta rabuwa da tarkacen kwalaye da sauri. Sayar da kifi a ruwa ne, ta biyun ma caca ce tsagwaronta, kada kuɗin marayu ya bi ta nan.

Tarkacen, bayan kin tsince, ki kasa su ƙungiya-ƙungiya. A Bronx kike, kwalin 'yan Yankees ko Mets, ƙungiyoyin New York, zai samu mai so a unguwa ba sai an aika ba. Ko ki ba abokin nan. In ya sake kira ki ce: “Na gode da kulawa. Kayan na yara ne, sai an ƙiyasta an raba. Gwangwanin babansa ba ya ciki, amma in kana son kwalayen, faɗi tayinka.” In ya taya da mutunci ki sallama masa, ya rage miki wahala da gaske, ki samu fili a ɗaki. In ya ce sai da gwangwani ko ya fasa, to kin samu amsar da ba ki tambaya ba, ku rabu lafiya ba tare da kin gaya masa baƙar magana ba.

Surukarki ki kira ta kafin kati ɗaya ya bar gidan. Tambayar da ta yi ba ta banza ba ce. Ki ji daga bakinta: babansa ya ba shi kyauta ne, ko ajiya ce? In ajiya ce, ita da sauran 'ya'yanta suna da magana a ciki, kuma gara ki ji yanzu da ki ji daga bakin lauya. In kyauta ce, a mazhabar jumhur ba ta da kaso a gadon saboda bambancin addini, amma wannan bai hana kyautatawa ba. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, ya ce ta sada zumunci da ita. Tsohuwar nan ta binne miji ta binne ɗa, kuma ita ce dangin 'ya'yanki a ƙasar da ba ki da kowa. Daga tumuninki kina iya ba ta kati ɗaya ko biyu da ta tuna, a lissafa su a kasonki. Ki roƙe ta kuma ta ba ki labarin inda mijinta ya taso da kantin da yake saye, masu gwanjo na son kayan da suka fito daga hannu ɗaya da tarihinsu. Yaron ma a tambaye shi. Yana da 14 cikin 24, in ya ce a bar masa wasu na babansa da kakansa, a ƙiyasta a rubuta a kasonsa, a ajiye masa.

Saura haya, wadda ita ce ta sa 1,500 ta yi miki girma a ido. Ba ki ambaci Social Security ba, wato hukumar fansho da tallafin iyalan mamaci ta gwamnatin Amurka, ina tsoron ba ki je ba. In marigayi ya yi aiki ana cire masa harajinta, 'ya'yansa na da kuɗin wata-wata har su kai 18, ko 19 in suna sakandare, ke ma kina iya samu muddin kina riƙe da ɗansa da bai kai 16 ba, gwargwadon abin da kike samu a aiki. Akwai kuma dala 255 ta lokaci ɗaya da ake nema cikin shekara biyu. Ba sa biyan baya fiye da wata shida, ke kuwa kin kai wata bakwai, don haka kowane wata da kika ƙara asara ce. Neman kuɗin wata-watan ba a cike shi a intanet, sai ta waya ko a ofis. Ki kira su gobe da safe, ki tanadi takardar shaidar rasuwa, da ta aure, da takardun haihuwar yaran, da lambobin Social Security na ku duka har da nasa.